Jar Fitila a Kurmin Mashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku a motar haya, dukanmu ma'aikatan asibiti masu gyaran magana. Aikinmu shi ne taimakon wanda magana ta yi wa wuya: yaro mai in'ina, yaron da ya makara bai fara magana ba, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe. Ƙa'ida ce a wajenmu, lokaci-lokaci sai kowa ya je kwas ɗin ƙaro ilimi kafin a sabunta masa lasisi. Na bana a Kaduna aka shirya shi, garin da aka haife ni, kuma rabon da in kwana a cikinsa an jima.

Direbanmu Bakatsine ne mai son hira. Da ya ji sunan sana'armu, sai ya ɗago ido ya dube mu ta madubi ya ce, "Gyaran magana? To Hajiya, don Allah ku fara da 'yan kamashon tasha." Daga nan har Kura yana lissafa mana waɗanda ya kamata a kawo mana, har da surukinsa.

Damina ta yi kyau bana. Daga Kura zuwa Kwanar Dangora shinkafa ce kore shar, iyakar ganin ido. Hanyar kuwa iri biyu ce. Inda aka gama aiki, mota tafiya take kamar a kan tabarma. Inda ba a gama ba, sai a haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu guda, kowa yana addu'a a zuci. A Zariya muka tsaya muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, mai tuyar ta ce mu tambayi mai shinkafa. Bayan Jaji muka kutsa tsakanin tirelolin Mararrabar Jos, hantsi na dubawa muka hango gadar Kawo.

Na san an sake garin, amma ji daban, gani daban. An faɗaɗa tituna, wasu shataletalen da nake kwatance da su babu su. Na nemi wani mangwaro da muke jiran tasi a gindinsa muna 'yan makaranta, na tarar da shagon sayar da waya. Abin da bai sake ba shi ne ƙamshin jar ƙasar Kaduna idan ruwa ya taɓa ta, da Hausar garin, wadda ta ɗebo daga kowane baki ta haɗa. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, a Kurmin Mashi muka tashi, kuma a garin nan na fara aiki, ba a asibiti ba, a wani gidan rediyo, ina karanta labarai. Sai daga baya na koma makaranta na sauya layi.

An yi kwas ɗin a wani zaure da ke wajen Unguwar Rimi. Mu kaɗan ne a sana'ar nan a Arewa, don haka taron ya fi kama da na dangi. An yi darasi a kan matsalar haɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki, an yi a kan sababbin hanyoyin gwada jin jarirai. An sha dariya da aka fito da katunan hotuna da ake kawo mana daga waje don gwajin magana. Wata daga Sakkwato ta ɗaga hoton mutum-mutumin ƙanƙara ta ce ta taɓa nuna wa wani tsoho, ya daɗe yana kallo, ya ce aljani ne. Aka amince kowa ya riƙa haɗa nasa da buta da tukunya da keke.

Darasin da ya tsaya mini a rai shi ne na iyalin majinyaci. Malamar ta ce mu muna ganin mutum ɗan lokaci kaɗan a mako, sauran rayuwarsa a hannun mutanen gida take, saboda haka su ne ya kamata a fara koya wa. Ta raba mu biyu-biyu, ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya yi kamar kalma ta maƙale masa. Sharaɗin shi ne mai tambaya ya jira har shirun ya dame shi, sannan ya ƙara jira. Zaure cike da ƙwararru, amma da wuya aka sami wanda bai ƙarasa wa abokinsa magana ba. Ta ƙara da cewa idan amsa ta fito, a sake tambayar ta wata fuska, don majinyaci kan ce i alhali a'a yake nufi.

Da aka tashi bayan la'asar, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Kurmin Mashi don in duba Malam Isiyaku. Shi ne ya koya mini karanta labarai, kuma na ji cewa ciwon shanyewa ya kama shi tun kafin azumi. A zamaninmu, a saman ƙofar ɗakin watsa shirye-shirye akwai jar fitila. Idan ta kama, duk wanda ke wurin sai ya kame bakinsa, ko tari ne sai ya haɗiye, domin magana ta zama ta mai makirfo shi kaɗai. Malam yakan tsaya a bayan gilashi ya ɗaga hannu sama. Idan ya sauke yatsa ya nuna ka, ka fara. Shekaru na yi ina kallon yatsan nan kafin in buɗe baki.

Na same shi a falo a kan kujera, hannun dama a kwance bisa cinya, an sa masa hula daidai yadda yake karya ta. Ya gane ni, na gani a idonsa. Matarsa Hajiya ta rungume ni tana cewa, "Hauwa'u, ashe kina duniya? Kano ta cinye mana ke." Kafin in zauna sai ga maƙwabta sun shigo dubiya.

"Malam, ya jiki?" in ji babbansu.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," Hajiya ta amsa.

Na ga leɓen Malam yana motsi, hannun hagu ya ɗan taso. Baƙon ya yi saurin cewa, "A'a, kada ka wahalar da kanka, Malam, huta abinka. Allah ya sa kaffara ne." Hannun ya koma. Haka aka yi da duk wanda ya shigo. Babu mai mugunta a cikinsu. Haka muka tashi muka ga ana dubiya: ba a barin mara lafiya ya wahala da amsa, ba a kuma barin babba yana laluben kalma a gaban mutane. Tausayi ne da kara. Sai dai mutumin da ya yi rayuwarsa da murya yana zaune a falonsa, ana amsa gaisuwa da sunansa.

Da babban ɗansa Aminu ya rako ni bakin titi, ya gaya mini sun yanke shawarar mayar da shi ƙauyensu a ƙarshen mako, ya huta, a gwada maganin gida. Ya ce matar da ke zuwa daga asibiti tana koya masa magana za a sallame ta, tunda ba a ga canji ba.

Na ce, "Shi Baban ya ce yana so?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Anti, ai ba ya magana."

Na san ƙauyen. Babu mai irin aikinmu ko kusa da shi, kuma watannin farko bayan ciwon nan su ne masu tsada. Idan aka tafi da shi, an rufe ƙofar ke nan.

Washegari a wurin kwas na nemi mai duba shi, na kuwa same ta, don ba mu da yawan da za mu ɓace wa juna. Majinyacinta ne, ba nawa ba, shi ya sa na fara neman izininta. Ta ce idan su biyu ne a ɗaki shiru, yana fitar da kalmomi, amma mutanen gida ba su taɓa ji ba, kuma ta gaji da roƙon a riƙa jiransa. Hajiya takan ce to, baƙo na shigowa ta manta. Muka shirya mu je tare ranar da za a rufe kwas.

Mun isa ana yayyafi. Aminu yana nan, har an fara ɗaure kaya a buhu. Bayan gaisuwa na leƙa kicin na ɗauko murfin wata jar kular abinci, na ce wa Hajiya, "Mama, kin tuna jar fitilar gidan rediyo?"

"Ni kuwa? Ni da na sha tsayuwa a ƙofar nan da kwanon tuwonsa har ya huce, ina jiran a kashe ta? Wata rana atishawa kawai na yi, mutumin nan ya yi kwana biyu yana hararata."

Na ce, "To ga ta. Idan tana kan tebur, magana ta Baba ce. Tambaya ɗaya za a yi, kowa ya yi shiru."

Na ajiye murfin a tsakiyar tebur. Malam ya dube shi, ya dube ni, ya gyara zama da kansa. Na ce wa Aminu ya tambaye shi abin da bai tambaya ba. Ya durƙusa a gabansa ya ce, "Baba, a kai ka gida ƙauye?" Ni kuma na koma inda zai gan ni sosai, na ɗaga hannu sama, na sauke yatsa na nuna shi.

Shirun ya yi tsawo. Ana jin ruwa a kan kwano, ana jin wata mai tallan dafaffiyar gyaɗa tana wucewa a lungu. Leɓensa ya yi ta rawa. Hajiya ta buɗe baki, idonta ya faɗa kan murfin, sai ta toshe bakin da gefen mayafi. Ni kaina da ƙyar na hana bakina magana, domin Malam ɗin nan ne ya hore ni cewa ba a barin shiru a rediyo.

Can sai ya ce, "A'a."

Muryar ta dushe, amma ita ce. Mai duba shi ta matso a hankali ta juya tambayar, yadda aka koya mana. "Baba, kana so ka zauna a nan Kaduna?" Aka sake jira. Ya buga hannun kujera da tafin hagu ya ce, "Nan." Ya ja numfashi ya maimaita, "Nan."

Aminu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "An fasa, Baba. Ka yafe mana." Hajiya tana share ido ta miƙa hannu za ta ɗauke murfin, sai Malam ya dafe shi. Bai gama ba. Muka koma muka nutsu, kowa yana jiran wata babbar magana, wasiyya ko addu'a. Ya yi ta kokawa da kalmar har ta fito.

"Gi... gishiri."

"Likita ne ya hana!" Hajiya ta faɗa da ƙarfi. "Ni ce zan kashe ka da gishiri?"

Malam ya ɗaga yatsa ya nuna mata murfin, da irin kallon da yake yi mana ta bayan gilashi. Falon ya kaure da dariya, har da shi, da rabin bakin da ke motsi. Gishiri dai ba a ƙara masa ba, amma an kwance buhunan.

Ba zan ce an yi abin al'ajabi ba. Kalmominsa kaɗan ne, kuma mai yiwuwa ba za su taɓa komawa yadda suke ba. Abin da aka samu shi ne zai ci gaba da ganin mai duba shi, kuma mutanen gidan sun ji da kunnensu cewa akwai mutum a cikin shirun nan.

Da safe muka biya Babbar Kasuwa, abokan tafiyata suka sayi atamfa, ni na sayi citta da doya don tsaraba. Layin masu takalma da ake kai mu sayen sandal ɗin makaranta yana nan, cunkoson ma yana nan, masu dako suna ta "hanya, hanya". Muka kama hanya da wani direban, wannan shiru-shiru ne, muka shiga Kano kafin la'asar.

Na dawo da takardar shaidar kwas, za a sabunta lasisi. Darasin jira kuwa a zaure na ji shi, amma a Kurmin Mashi na ga yadda ake sa shi ya zauna a gida. Faɗa wa iyali su yi haƙuri su jira ba ya isa, domin tarbiyyarsu ce ke sa su amsa. Sai an nemo wani abu da su da kansu suka riga suka san girmansa. A gidan Malam jar fitila ce. A wani gidan wani abu ne daban, kuma nemo shi yana cikin aikinmu.

Shekaranjiya Aminu ya kira ni. Ya ce yanzu maƙwabta idan sun shigo dubiya, teburin suke fara dubawa kafin su yi gaisuwa. Hajiya ta karɓi wayar ta ce in aiko mata da sabuwar kula daga Kano, don tata ta zama ba murfi, tuwo sai hucewa yake, kuma mai gidan ya hana a taɓa.