Sistar da Ba Ta Karɓar "Lafiya Lau"

Da hantsi za ka same ta a ɗakin ƙarshe na asibitin, mai benci biyu da fanka mai kuka, tana goge tebur tana mita ita kaɗai. Sista kowa ke ce mata. Mutanenta manya ne masu lalurar nan da ke sa ido ƙiftawa, kafaɗa zabura, maƙogwaro gyaran murya, ba da son mai jikin ba.

In ta ce maka "Ina kwana?" ka amsa da "Lafiya lau," to ka jawo wa kanka. "Ni ba gaisuwa nake ba, tambaya nake. Yaushe barci ya ɗauke ka?"

Haka ta tsare wani kafinta, har ya sunkuyar da kai.

"Sai gab da asuba, Sista. In na kwanta, kafaɗar ba ta kwantawa."

Ashe maigidansa ya gaji da makararsa, ya rantse in ya ƙara, ya nemi wani wurin. Ga mata, ga yara. Abin ya tsaya wa Sista a rai. Tana tashi daga aiki sai shagon tsohon maigidan nasa, da fararen kayanta cikin ƙurar katako.

"Maigida, mutumin nan ba rago ba ne, agogon jikinsa ne ke baya. Likita na nasa ƙoƙarin, saura naka."

"Au, in buɗe shago in zauna jiran agogonsa?"

"Wa ke kwashe maka katako da yamma?"

"Ni mana."

"Da wannan gwiwar?"

Tsohon ya tuntsire da dariya. Aka tsayar: kafinta ya riƙa zuwa da azahar, shi kuma zai kwashe katako ya rufe shagon da yamma.

Ke ce, Sista, uwar marasa barci, wadda ba ta taɓa ce wa kowa "Daina mana!" ba. Wannan makon za ki ajiye aiki, kuma wallahi muna kewarki tun ba ki tafi ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi tambaya kafin ku yanke wa mutum hukunci.

Da tsufa ya zaunar da maigidan a gida, sai ya kira kafintan nan ya damƙa masa shagon. Mutumin da aka kusa kora saboda makara, yau makullai na aljihunsa.