Kwana Ɗaya a Gidan Goggo

Lokacin wahalar fetur ne, jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba. Na taso daga Tsafe zan je Bungudu neman aikin gadi a wani shagon taki, mai ya ƙare wa motarmu a Gusau. Na ce bari in kwana gidan goggona, ƙanwar babana, gobe in wuce. Damina ta zo ta tafi ina nan.

Ni kuwa ko tabarmar mutum na taka sai in wuni ina tunanin ko na bar mata datti. Kullum ina tambayar kaina, baƙo ne ni ko mazauni? In baƙo ne, na wuce ƙa'ida tuntuni. In mazauni ne, wa ya ce in zauna? Shi ya sa ban taɓa kwance jakata ba. Tuwo ma rabi nake ci in rufe, in yunwa ta matsa in koma in gutsura, in shafe gefen kada a gane.

Mijin goggo tsohon malamin Turanci ne, ko ba a tambaye shi ba yana amsawa. Na kai masa damuwata a zaure, a kaikaice, wai ta wani abokina ce.

"Abokin naka mai cin rabin tuwo?" in ji shi. "Turawa na da wata kalma, dwell, wato zama a wuri. Amma a bakin kakanninsu, ɓatar da mutum hanya take nufi, ko tsayar da shi. Daga tsaiko ta koma daɗewa, daga daɗewa ta koma zama. Ka ga su ma mai ne ya ƙare musu."

Ya yi dariya har da tari. Ni dai na ɗauka korata aka yi da Turanci.

Da safe na rataya jaka na shiga yi wa goggo sallama. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Goggo, zan ƙarasa Bungudu."

"Gadin da aka ba wani tun bara? Aje jakar ga ka kai min niƙa, ka biya ka sayo daddawa. Ƙato kamarka na kwana gidan ga ba a aike nai, na gaji da jin kunyarka."

Na ɗauki kwanon dawa na fita. A hanya wata damuwar ta taso: ba ta ce daddawar kalwa ko ta batso ba. Na sayo duka biyun. Ta zage ni tas, irin zagin da ba a yi wa baƙo.