Ranar da Baba Kafinta Ya Haɗe Bencunan Coci

Baba Kafinta mutum ne da ko addu'a yake yi sai ka ɗauka rigima ce. Shi ya ƙera bencunan cocin unguwarsu da hannunsa, tun yana iya wuni yana jan zarto, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Abin da ke ci masa rai shi ne Auta, ɗansa na ƙarshe, direban a-kori-kura. Tun da wan Auta ya rasu yaron bai sake zuwa sujada a coci ba. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi azumi har wando ya fara zame masa, Auta ko gezau. Kowace Lahadi Baba zai dubi gefensa ya ga wuri fayau, ya ce a ransa, "Ubangiji, na zaunar maka da 'ya'yan kowa, nawa ɗaya ya gagare ka?"

Ga kuma Fasto, wanda bakinsa bai san a'a ba. Duk gidan da aka yi rasuwa, na 'yan coci ne ko ba nasu ba, sai a zo aron benci, shi kuma ya bi bayansu da Littafinsa ya yi wa masu makoki wa'azi. Baba yana can shagonsa a bakin kasuwa, ba ya ganin fitarsu. Dawowarsu kawai yake gani: wannan ƙafa ta goce, wancan an manna masa cingam. Coci rabi babu kowa, bencuna kuwa sun fi Fasto yawo.

Wata Asabar da safe haƙurinsa ya ƙare. Ya kwaso dogayen katako, ya haɗe ƙafafun bencunan layi-layi, ya bi su da manyan ƙusoshi, yadda ko ƙato goma ba za su fitar da su ta ƙofa ba. Ya dawo gida yana baza hanci, ya ba matarsa labari.

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Maigida, wa kake tsammani yake kwasar bencunan nan?"

"Ina ruwana? Ɓarna dai suke yi."

"Auta ne. Fasto ba ya kiran wata mota sai tasa. In ya sauke, tunda shi zai mayar, sai ya zauna a na baya yana jira har a gama wa'azi. Makon jiya da idona na ga bakinsa yana bin waƙa."

Baba ya yi tsaye kamar an dasa shi. "To me ya hana a gaya mini?"

"Don ka je ka tsaya masa a ka kana tambayarsa ayar da aka karanta? Ranar zai daina. Ga shi kuwa mai wankin bayan layinmu ya rasu jiya, yau da yamma ake zama."

Ko hula bai ɗauka ba ya ruga coci ya hau cire ƙusoshin. Wanda ya buga ƙusa da fushi shi ya san wuyar cire ta, kuma Baba bai taɓa aikin ha'inci ba, ko da a cikin ɓacin rai ne. Yana ɓamɓara, gumi na zuba, yana mita: "Kai ma dai, Ubangiji. Shekara da shekaru ina kuka a gabanka, ashe kana can bayan gida kana aikinka, ko ɗan tari ba ka yi mini ba. Sai da ka bari na zubar da ƙusoshina."

Yana zare katakon ƙarshe ya ji tsayuwar mota a waje. Ya rungumi gudumarsa ya laɓe a bayan mumbari, gwiwoyinsa na ƙara.

Auta ya shigo shi kaɗai, ya cire hula a bakin ƙofa, ya ɗan tsaya. Sannan ya kama benci ta gefe guda ya fara jan sa a kan siminti, ƙafafun na kuka. Ashe ga mai sa ƙafafun bencunansa su goce. Faɗa ya taso wa Baba har maƙogwaro. Ya toshe bakinsa da hannu, hawaye na bin yatsunsa, ya bar shi ya ja.