Mai Agogo da Na'urorin Auna Hasken Rana

A layinmu kowa ya san Mai Agogo ba ya yarda da abu don an ce masa. Ko sabon batir ka kawo masa a cikin leda, sai ya gwada shi a gabanka. Matarsa takan ce in ta gaya masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga.

Autarsu zabiya ce. Likita ya gaya musu ba zafin rana ne ke ƙona mata fata ba, wani haske ne a cikin ranar wanda ido ba ya gani. Mai Agogo ya nemo wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana mai auna wannan haske. Kullum sai ya fita tsakar gida ya ɗaga ta sama kafin ya bar yarinyar ta leƙa waje.

Sai ƙanin matarsa, wanda dama ba sa shiri, ya aiko da wata na'urar. Mai Agogo ya jera su a kan teburin shago, tasa ta ce hasken kaɗan ne, ta surukin ta ce ya yi yawa.

"Jabu ce," in ji shi. "Ɗan'uwanki so yake a kulle min yarinya a ɗaki."

"Kai dai Malam, me zai samu in an kulle ta?" in ji matar.

"Shi ya sani."

Wata rana da hadari-hadari, na'urarsa ta ce babu komai, ya bar Auta ta je wasan tsere a makaranta. Ta dawo wuyanta da kunnuwanta sun yi jawur, ko taɓawa ba a yi. Ya zargi malamai, ya zargi man shafawarta. Da ya rasa wanda zai zarga, sai ya kwashi na'urorin biyu ya nufi ofishin hasashen yanayi.

Wata ma'aikaciya ta hau da shi rufin ginin, inda aka girke babbar na'ura mai hular gilashi. Ta ajiye nasa a gefenta, duka suna kallon sama, suka yi ta dubawa har rana ta karkata. Ta surukin tana bin babbar sau da ƙafa. Tasa kuwa kullum a ƙasa take.

"Baba, da me kake goge ta?" ta tambaye shi, tana duba idon na'urar da ya yi hazo.

"Da abin da nake wanke agogo."

"To shi ne ya cinye mata ido. Roba ce, ba gilashi ba."

Sai ya nuna babbar da haɓa. "Ita wannan uwar tasu, wa yake auna ta?"

"Akan kai ta a gwada da wata fitila ta musamman."

"Fitilar fa, wa ya gwada ta?"

Dariya ta kama ta. "Akwai masu gwada ta, Baba."

"Kin taɓa ganinsu da idonki, 'yata?"

Ta ce ba ta taɓa ba. Ya gyaɗa kai kamar ya kama ɓarawo, amma a kan matakala ta ga ya tsaya ya goge ido da hannun riga.

Tun daga nan ya daina tambayar na'ura ko Auta ta sa malafa. Malafa da riga mai dogon hannu suka zama dole, ko da hadari ko babu. Ita kuwa ma'aikaciyar ta samu baƙo, don yakan rufe shago ya je rufin ya zauna, wai yana sa wa babbar ido. Har kujera suka ajiye masa.

Yanzu Auta ta girma, tana koyon aikin jinya. Ita ke ɗaure wa ƙananan zabiyoyin unguwa malafa idan ta gamu da su a hanya, tana yi wa iyayensu faɗa ba sassauci.