Ƙyauren Dama Naki Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran matata, uwar 'ya'yana, bayan fama da ciwon ƙoda tun bara. A asibiti ta cika, ina zaune ina matsa mata ƙafa saboda kumburi ya hana ta sakat. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, kuma a tsawon wannan zama ba mu taɓa zaɓar mutum ɗaya ba.

Ni mai walda ne, rubutu ba sana'ata ba ce. Da an bar ni da baƙin cikina da ban ɗauki biro ba. Amma tunda 'yan jam'iyyarki da 'yan jam'iyyata kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da ya ga dama a kanki, 'Yar Adawa, kamar yadda nake kiranki, bari ni da na san ki in faɗi nawa.

Ƙofar gidanmu ni na ƙera ta da hannuna, ta ƙarfe ce mai ƙyaure biyu. Zaɓen farko bayan aurenmu, na manna hoton ɗan takararmu a duka ƙyauren biyu, na tafi shago ina jin kaina maigida. Da na dawo sai na tarar an ɓamɓare na dama, an manna na wani mutum dabam yana wage mini haƙora. Na shiga ina huci. Kina kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ki yi ba, kika ce, "Kai ka ƙera ƙofar, amma ni nake share gabanta kullum. Ɗaya naka, ɗaya nawa." Na yi faɗa har muryata ta dushe, kika bari na gama sannan kika tambaye ni ko in kawo abinci. Tun daga ranar ƙyauren hagu ya zama nawa, na dama naki.

'Yan takara sun zo sun wuce, amma sunayen da muka sa musu ba su canja ba. Duk wanda jam'iyyata ta tsayar, Mai Tumbi kike ce masa, ko da ramamme ne. Duk wanda taku ta tsayar, ni kuma Mai Haƙora nake ce masa. Idan aka rufe ƙofa da yamma sai su haɗa kafaɗa kamar abokan arziki, mu kuma a ciki muna ta musu a kansu har yara su kwashe kwanoni su bar mana falo. Ke kike dama sitacin da muke manna hotunan, a tukunya ɗaya. Na sha zarginki da cewa nawa kina ƙara masa ruwa, kina rantsuwa kina dariya. Har yau ban wanke ki daga wannan zargi ba.

A majalisarmu ta bakin shago babu sunan da ba a kira ni da shi ba. Mijin-ta-ce shi ne mafi sauƙi. Masu faɗin haka na san gidajensu ɗaya bayan ɗaya, domin ni nake gyara musu tagogi. Matansu na amsa musu da "to" a gabansu, ranar zaɓe su shiga su dangwala inda ransu yake so. Ni tawa ba ta taɓa yi mini "to" ɗin ƙarya ba. Abin da za ki yi a rumfar zaɓe, a ƙofar gida kike manna shi kowa ya gani.

Ba zan manta shekarar da kuka kayar da mu ba. Na kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. Da na fito zan tafi aiki sai na ga ƙyauren dama fayau, kin cire hoton naku tun da sassafe don kada in fita in yi ido huɗu da shi. Wallahi wannan tausayin ya fi faɗuwar zaɓen yi mini ciwo. Na koma ciki na ce ki mayar da shi, ni ba yaro ba ne. Kika tashi kika ɗora tukunyar sitaci. A ranar muka yi alkawari cewa babu mai sake cire hotonsa ko ya taɓa ƙyauren wani, a ci ko a faɗi, kuma babu wanda ya saɓa.

Yanzu bari in zo kan mutanenki. Shekara nawa kina bin gida gida, takalminki na cinyewa, kina rakiyar tsofaffin mata zuwa wurin rajista, kina ɗinka musu riguna masu launin jam'iyya ba tare da kin karɓi ko na zare ba? Da kika kwanta, shugabar matanku ba ta taka asibitin nan ba ko sau ɗaya. Na ga kina kallon ƙofar ɗaki duk lokacin da aka turo ta, kina cewa ai aiki ne ya yi mata yawa. Aikin bai hana ta zuwa gaisuwa ba, da mai ɗaukar hoto biye da ita, ta sha ado kamar mai zuwa buɗe sabon shago. Kukanta sai da aka saita kyamara ya zo, ana sauke ta ya ɗauke. Kuma a cikin gidana, a gaban 'ya'yanki, ta gaya wa mata cewa kin yi haƙurin zama a gidan abokan gaba. Gidan abokan gaba! Matar da ba ta san ko a wane gado kika yi jinya ba.

Kada nawa mutanen su yi murna, domin nasu ya fi muni. Shugabanmu na mazaɓa, wanda na yi wa hidima tun yana yawo a ƙasa, ya zauna kusa da ni a kan tabarma ranar da muka dawo daga maƙabarta. Ƙurar kabarinki ba ta bar ƙafata ba ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Sai haƙuri. Amma dai yanzu gida ya zama namu gaba ɗaya." Na yi shiru don girman ranar. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin izini. Bayan kwana kaɗan na fito da safe na tarar an manna Mai Tumbi a duka ƙyauren biyu, an danne naki da wani gam mai wari irin na kanti. Naki ɗin nan shi ne hoto na ƙarshe da kika manna da hannunki, kina jingine da kafaɗar babbar 'yarmu don tsayuwa ta fara gagarar ki.

Na ɗauko abin kankare fenti na yi ta lallaɓawa ko zan ceto naki daga ƙasa. Ina! Gam ɗin ya haɗe su, suka fito tare a yayyage. Ƙyauren dama ya koma ƙarfe tsirara. A nan na tsuguna na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Na wanke fuska na tafi ofishin jam'iyyarku, wurin da ban taɓa takawa ba, na ce a ba ni hoto ɗaya. Nan da nan wuri ya ruɗe. Wani ya jawo mini kujera, wani ya zaro waya, sakatare yana ta kiran shugabar mata ta zo ta gani, wai mijin marigayiya ya sauya sheƙa. Na ce ban sauya komai ba, Mai Haƙora ɗinku ko gadin shagona ba zan ba shi ba, ƙyauren matata kawai zan mayar yadda ta bar shi. Da shugabar ta iso ta ce za a ba ni har goma, amma sai na riƙe ɗaya an ɗauke ni hoto, a rubuta cewa wasiyyarki na cika. Ke da ba ki taɓa roƙona ƙuri'a ba ko da wasa, za a ƙaga miki wasiyya don a samu abin watsawa a waya. Na dube ta daga sama har ƙasa, na fito na bar musu kujerarsu.

A hanyar dawowa na ga hoton Mai Haƙora a jikin turken lantarki, daura da majalisarmu. Ni da furfurata na tsaya ina ɓamɓarar takarda da farce a tsakiyar titi. 'Yan majalisa suka hango ni suka kaure da tafi, wani yana cewa yau dai maza sun farka, a yaga shi kowa ya huta. Na cire shi a hankali, kusurwa ɗaya kawai ta tsage, na naɗe shi na sa a ƙarƙashin riga kamar wanda ya yi sata. Na ɗora tukunyarki na dama sitaci da kaina, ya yi gudaje, na shafa a haka. Ya ɗan karkace, da kina nan da kin sa na cire na sake. Amma yana nan a ƙyauren dama, yana wage wa masu wucewa haƙora.

Shugaban mazaɓa ya aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ce a gaya masa ƙalau nake, kuma duk wanda ya sake kai hannu ƙofar nan, da sandar ƙarfe zan fito, ko ɗan jam'iyyar wa ne. Shi da shugabar matanku ban ga abin da ya raba su ba sai launin riga. Sun yi shekaru suna gaya mana cewa mu abokan gaban juna ne, alhali da kika kasa tashi ni nake ɗaga ki, kuma da injin yankan ƙarfe ya tsaga mini hannu ke kika yi wata biyu kina ba ni abinci a baki, kina ce mini in je Mai Tumbi ya ba ni.

Har yanzu ban yarda da ke ba, 'Yar Adawa. Mutumin naku ba zai iya komai ba, kuma ina da sababbin hujjoji. Jiya na ji wata katoɓara da ya yi a rediyo, na juya da sauri zan ce miki kin ji mutuminki, sai na ga keken ɗinki a rufe da zane.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya saka miki da Aljanna a kan gaskiyar da kika riƙe ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanmu da jikokinmu, da ƙannenki da suka yi ta kwana a asibiti, da matan unguwa da suka yi jinyarki ba tare da sun tambayi launin rigar kowa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Duk mai zuwa gaisuwa, ƙofa a buɗe take, ya shigo. Amma ya turo ta hagu. Ƙyauren dama nata ne, kuma ni ke gadinsa har ranar da za a fitar da ni ta nan.