Ranar da Mai-Agogo Ya Juya Lasifika

Idan ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai ɗinkin takalma da mai walda, za ka ga wani ɗan shago mai tagar gilashi, bangonsa cike da agoguna, kowanne yana faɗin lokacin da ya ga dama. A nan Mai-Agogo yake zama tun kafin gemunsa ya fara fari. Gilashin ido ɗaya maƙale a fuskarsa, yana tsintar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba, ya ɗora ta a mazauninta. Ko babbar mota ta wuce ta girgiza layin, hannunsa ba ya motsi. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida. Ka ce masa kowa ya koma duba lokaci a waya, sai ya ce to ka je wayar ta gyara maka agogon kakanka.

Abin da mutanen layin suka daɗe ba su sani ba shi ne, wannan bawan Allah makaɗi ne. Jitar bes yake kaɗawa, babbar nan mai tsirkiya huɗu, wadda muryarta ba ta hawa sama, sai dai ka ji ta a ƙirji. A wajen masu tsofaffin kaya ya tsinto tasa, wuyanta a tsage, fentin ya ɓare, ɗaya daga cikin kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya babu shi. Ya manne wuyan, ya ɗaure shi sati guda, a gurbin kunnen kuma ya ƙera makullin wani tsohon agogon bango ya saka. Ranar da ya shiga da ita gida, matarsa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Malam, wannan gawar fa, ina za mu binne ta?"

Shekara goma sha tara ke nan ba a binne ta ba. Ba wanda ya koya masa. Rediyo ya riƙa bi, yana laluben waƙa da kunne, dum, dum, dum, har maƙwabta suka gaji da ƙorafi suka saba.

Ƙanin matarsa, wanda duk dangi ke kira Auta, shi ne ya ja shi cikin ƙungiya. Auta mawaƙi ne, yana da murya, yana da baki, kuma ya san yana da su. Akwai malamin makaranta mai fiyano, akwai direba mai ganguna, sai wani da ke zama bayan na'urar haɗa sauti, suna ce masa Injiniya ko da yake bai taɓa gina komai ba. Wurin gwaji suka rasa, Mai-Agogo kuwa yana da sito a bayan shagonsa. Duk Asabar da yamma sai su ture kwalaye gefe su hau kiɗa. A cikin siton nan, kowa ya yarda, babu kamarsa. Direba yakan ce idan Mai-Agogo na bayansa, ko da ido rufe zai kai waƙa gida.

A gaban jama'a ne ake yin ta. Da ya taka dandamali ya ga idanu, sai gumi ya karyo masa, yatsun nan da ba sa rawa su kama ɓari kamar na mai zazzaɓi. Ba abin da bai gwada ba. Ya gwada kallon silin, ya gwada kallon takalminsa. Ya taɓa hawa da yunwa, jiri ya ɗebe shi. Ya taɓa hawa a ƙoshe, ya ƙare waƙa ta biyu yana neman hanyar banɗaki. Akwai kuma wani wuri a waƙarsu ta uku inda hannu ke gangarawa can ƙasan wuyan jitar ya dawo da sauri. A sito bai taɓa kuskure shi ba. A gaban mutane bai taɓa samunsa ba. Kullum sai yatsan ya zarce, jitar ta yi wani gurnani irin na tsohuwar ƙofa.

Auta ya ce laifin jitar ne, ya aro masa wata sabuwa fil, ja, tana sheƙi. Mai-Agogo ya rataya ta wasa ɗaya, ya yi kuskuren nan a wurin nan, ya mayar da ita ya ce wuyanta santsi gare shi, kuma shi ba ya kaɗa abin da bai san cikinsa ba. Aka ce to ya huta mana, shekaru sun ja. Ya ce a nuna masa inda aka rubuta shekarun. Duk wanda ya kawo masa maganar bari, sai ya riga kowa zuwa wasa na gaba, da jitarsa a cikin buhun da matarsa ta ɗinka mata.

Sai kuma, kwatsam, abu ya gyaru. Bayan wani wasa a taron raba kyaututtuka na wata makaranta, wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai, mai babbar jita, ka iya!" A wasa na gaba mutum uku suka faɗa masa haka. Shi dai ya san hannunsa bai daina rawa ba, kuma ta ƴar lasifikar da ke ajiye gaban ƙafarsa, wadda ke kallonsa don ya riƙa jin kansa, ya ji kuskurensa sarai. Amma ya ce wa ransa, ashe daga nesa ba a lura. Kai ya fara kumbura. Ya sayi sabuwar riga. Ya riƙa ba mai walda labarin da ba a tambaye shi ba. A gida ya ce wa matarsa, "Gawar nan taki ta tashi."

Wasa biyar ya yi cikin wannan daɗi. Ƴarsa ce ta ɓata shi, kuma da kyakkyawar niyya. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta cika samun sarari ba, amma ta je wasa na biyar ta ɗauke shi a waya. Ran Litinin da rana ta biyo shago da murnarta.

"Baba, zo ka ga kanka. Wallahi har na yi ƙwalla."

Ya cire gilashin ido, ya karɓi wayar. Ga shi nan tsaye cikin sabuwar riga. Kiɗan bes na tafiya sumul, gwanin daɗi. Aka zo wurin nan na waƙa ta uku, ya riƙe numfashi, sai ya ji an wuce lafiya lau. Shi kuwa ya tuna sarai ranar ya zarce. Can gaba kaɗan ya ga kansa ya ɗaga hannun dama ya share gumi da gefen hannun riga. Hannunsa na kan goshi, bes ɗin kuwa bai tsaya ba.

"Mayar da shi baya," ya ce.

Sau huɗu ta mayar. A na huɗun bai kalli kansa ba, malamin makaranta ya kalla. Hannun hagun malamin na can ƙarshen fiyano yana tafiya, dum, dum, dum. Mai-Agogo ya miƙa mata wayarta, ya ce ta gaida gida. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranar banɗaki. Yabon da ya kwasa ya kai gida ashe na wani ne.

Ran Asabar ya bari sai da suka ture kwalaye, sannan ya tsaya a bakin ƙofar siton.

"Injiniya, tun yaushe ka kashe ni a na'urarka?"

Injiniya ya kama murɗa wata waya da ba ta buƙatar murɗawa. Malamin makaranta ya sunkuyar da kai. Auta ne ya yi dariyar yaƙe ya matso.

"Haba Yaya, ba kashewa ba ce. Rufin asiri ne. Kai kana jin kanka a ƴar lasifikarka, jama'a na jin abu mai kyau, kowa ya samu. Da wani ne da tuni mun sallame shi. Amma kai mijin yayata ne, ga shi a ɗakinka muke. Me muka rage ka da shi?"

"Ni hoto ne?"

"Wa ya ce hoto? Kana yi mana kyau a dandamali, wallahi. Ka dai bar shi haka, Yaya. Ran Lahadi muna da babban wasa a zauren ma'aikata, kada mu je mu ji kunya."

Mai-Agogo ya matsa daga bakin ƙofar. Ya ɗauki jitarsa aka yi gwaji, ya kaɗa waƙa ta uku tsaf ba tuntuɓe, suka ɗauka magana ta wuce. Ba su san mutumin ba ke nan.

A gida ya faɗa wa matarsa, yana jiran ta ce dama ta gaya masa. Tana ninke kaya ne, sai ta ajiye.

"Auta ne ya yi maka haka? Autan da na goya?" Ta yi ƙwafa. "Shekara goma sha tara ina jin dum-dum ɗin nan ta bango, ina wanki ina ji, ina jego ina ji. Ni ban kashe ka ba, sai shi? Ran Lahadi da ni za a je."

Ba ta taɓa zuwa wasansa ba, tana cewa wanda take sha a gida ya ishe ta. Ran Lahadi da rana tsaka ta shirya, ita da ƴar, suka zauna can baya kusa da ƙofa. Zauren ya cika, fankoki na juyawa ba sa maganin komai, kujerun roba har cikin baranda.

Waƙa ta ɗaya da ta biyu ya kaɗa su ba mai jinsa sai shi kaɗai, ta ƴar lasifikar gaban ƙafarsa, kamar yadda aka tsara masa. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Tsoron da ya ji ranar ya fi na kullum, don ya san abin da zai yi. Aka shiga waƙa ta uku, mutane suka fara tashi suna taka rawa. Sai ya saki jitar ta rataya a wuyansa. Ya zaro hankici daga aljihu, ya warware shi a hankali, ya share fuska, ya share wuya, ya ninke shi gida huɗu. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya shiga murɗa kan agogon hannunsa yana ba shi wani, da yatsu biyu, a natse, kamar yana shago. Bes kuwa na ta tafiya abinsa daga manyan lasifiku.

Wata mata a layin gaba ce ta fara lura, ta taɓa ta kusa da ita. Dariya ta taso daga gaba ta yi baya. Wani ya ɗaga murya, "Kai, jitar nan da kanta take yi!" Auta ya waiwayo, idanunsa kamar su faɗo. Malamin makaranta, wanda dama abin ya daɗe yana cin ransa, ya ɗauke hannun hagunsa daga fiyano ya ɗora a cinya. Nan take waƙar ta zama fanko, masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Mai-Agogo ya sunkuya. Bai roƙi Injiniya komai ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya kama ƴar lasifikar nan da ta yi wasa biyar tana kallonsa, ya juya ta ta fuskanci jama'a, ya murɗe maɓallinta har ƙarshe. Ya miƙe, ya dubi direba. Direba ya washe baki, ya buga sanduna sau huɗu.

Lasifikar ƙarama ce, tana kakari, har gwangwanin jikinta na karkarwa. Amma muryar ta fito, mai kauri, mai ɗan tsatsa, ta bi ƙarƙashin kujeru. Yatsunsa na ɓari, bai tsaya ba. Auta ya ga ba yadda zai yi, ya kama waƙarsa. Masu rawa suka sauke ƙafa. Aka doshi wurin nan, hannu ya gangara ƙasan wuyan jitar, ya taso da sauri, ya zarce. Tsohuwar ƙofa ta yi gurnaninta, wannan karon a kunnen zaure guda.

Daga can baya, kusa da ƙofa, wata murya ta tsaga kiɗan: "Yawwa! Wannan shi ne!"

Matarsa ce, a tsaye, ta ɗaga jakarta sama. Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa, da yawa ba su ma san me ya faru ba, rawarsu kawai suke yi. Shi kuwa idanunsa suka cika, bai share ba, don hannuwansa biyu suna da aiki. Haka ya kai waƙar har ƙarshe, da sauran huɗun da suka biyo baya, lasifikar na kallon mutane.

Da aka tashi, yana saka jitar a buhu, Auta ya zo yana huci.

"Ka kyauta, Yaya. Ka tona mana asiri a gaban duniya. Ran Asabar kada ka zo gwaji."

"Makullin siton yana aljihuna. Ku ne dai za ku ga ko za ku zo."

"Ka ga abin da nake gudar maka? Ka sake yin kuskuren nan. Kowa ya ji!"

Mai-Agogo ya ja bakin buhun ya ɗaure, sannan ya ɗago.

"Kowa da kowa?"

"Har na baranda!"

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya saɓa jitarsa, ya ɗauki lasifikar da ɗaya hannun, ya nufi ƙofa inda matarsa ke jiransa.