Akwatin da Baba Ke Amsa wa Sallama

Talabijin ɗinmu ta girme ni. Baba ya sayo ta a Gusau lokacin yana aikin buɗe ƙofofin ruwa a madatsar Bakolori, aka ɗauro ta bayan a-kori-kura har Talata Mafara. Irin mai gidan katako ce, da ƙafafu da ƙyauren da ake zugewa, hotonta fari da baƙi. In babu wuta sai a jona mata batirin mota. Da an idar da magariba tsakar gidanmu ta cika da yaran unguwa, har da ɗan ƙanen Baba da aka kawo mana riƙo daga Bakura. Kullum shi ne a gaba, hanci kamar ya taɓa gilashi.

Baba yana da wata ɗabi'a. Duk sanda mai karanta labarai ya yi sallama, sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya amsa da ƙarfi har wa barakatuhu. Ba duhun kai ba ne. Mutumin da ke kwance injin ban-ruwa ya mayar ba zai zaci akwai mutum cikin akwati ba. Shi dai a wurinsa amsa sallama wajibi ne, ko daga ina ta fito. Mu ma haka muka tashi muna amsawa.

Talabijin ta riga shi mutuwa. Bayan rasuwarsa Inna ta sa aka shigar da ita ɗakinta, ta lulluɓe ta da ƙyallen da ta saƙa da hannunta, tana goge ta duk Juma'a. 'Yan gwangwan sun yi zarya har sun gaji.

Bara ne ɗan riƙon nan ya zo, ya zama ƙato, da baƙin tabarau a goshi. Wai yanzu wasan barkwanci suke yi ana kallo a waya. Ya durƙusa, ya gaida Inna kamar mutumin kirki.

"Inna, aron talabijin ɗin Baba nika so. Wasan zamanin da ne, ajiye ta kawai za mu yi a falo don ado."

Na ce ba inda za ta. Inna ta harare ni.

"Aro ya ce, ba kyauta ba. Yaron da na goya zan hana wa aro?"

Shi ke nan, aka fita da ita. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, shiru. Inna ba za ta buɗe baki ta tambayi ɗan riƙonta kayanta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Sai dai ta naɗe ƙyallen ta ɗora a gefen gado, in na shigo ta ce, "Wanga yaro bai yi waya ba?"

A gidan suna a Maradun na ga abin. Mata sun duƙufa kan waya suna ta sheƙa dariya, aka miƙo mini. Wallahi da ƙyauren na gane talabijin ɗinmu ce. Sun cire gilashin, sun kwashe cikinta kaf, wani ya zura kai ta baya yana karanta labarai. A gabanta ga tsoho na ƙarya da gemun auduga. Na cikin akwatin ya yi sallama, tsohon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya amsa har wa barakatuhu. Sak Baba. Sannan suka ƙara nasu: tsohon ya miƙa goro, yana tambayar lafiyar iyali, ana ta kiransa baƙauye. Mutum ɗaya ne cikinsu ya taɓa ganin Baba a zaune gaban talabijin, kuma tuwonmu ya ci ya girma.

Na kira shi nan take, na wanke shi tas. Ka ji amsar mara kunya:

"Haba Yaya, raha ce fa. Ai tunawa da Baba ne."

Tunawa! Allah ya isa, na faɗa masa, kuma har yau ban janye ba.

Bai zo da kansa ba, ɗan acaɓa ya aiko da ita ɗaure da igiya. Inna ta zuge ƙyauren a hankali. Hannunta ya shige ciki har ya fita ta baya. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce in nuna mata wasan. Na ƙi, ta nace, na kunna na ba ta.

Ta riƙe wayar nesa da fuska, yadda tsofaffi ke yi. Kan mai karanta labaran nan ya bayyana cikin akwatin mijinta, yana murguɗa baki, ya ce assalamu alaikum. Kafin tsohon ƙaryar ya buɗe baki, na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana amsawa, har wa barakatuhu.